Shiri na Musamman: Idan Kan Sukuru Ya Lashe a Cikin Kwamfuta

Mas'alar da muka ɗauko yau ta shafi wanda ya sayi sabuwar ma'ajiyar bayanai domin kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ya buɗe cikinta da murna, sai ya tarar sukuru ɗaya tak, wanda bai fi ƙwayar dawa ba, ya tare masa hanya.

Ma'ajiyar zamani da ake kira M.2 siririya ce, galibi faɗinta milimita 22, tsawonta 80, kuma sukuru guda mai kaurin milimita 2 ne ke danne ƙarshenta a kan babban allon kwamfutar. Kansa yakan zo da tsaga huɗu masu gicciye, irin wanda ya ɗauki sunan Henry Phillips, mutumin Amurka da ya yaɗa shi a shekarun 1930. Illarsa kuwa ita ce, da yake bakin sukudirebansa mai tsini ne, idan aka murɗa da ƙarfi ba tare da an danna ba, sai bakin ya fice daga ramin yana gugar gefensa, har tsagar ta shafe, ta koma rami mai sulɓi. Wasu masana'antun kuma sukan shafa wa zaren sukurun wani shuɗin gam domin kada ya kwance, abin da ke ƙara masa taurin kai.

A ra'ayina, alal haƙiƙa, al'amarin duka yana rataye ne a kan zamewar farko, domin wanda ya ji bakin sukudireba ya zame sau ɗaya, wajibi ne ya dakata nan take, ya duba ko girman da ya ɗauko, PH0 ko PH1, shi ne wanda ya cika ramin daram ba ya girgiza. Kowace murɗawa bayan wannan ɓarna ce.

Kafin komai a kashe kwamfutar, a zare igiyar batir daga allon. Sa'an nan a ɗora faffaɗar roba, irin wadda ake ɗaure kuɗi da ita, a kan sukurun, a kafa sukudireba a tsaye cak, a danna sosai, a juya hagu sannu a hankali, gama robar tana cike gurbin da ƙarfe ya goge. In hakan bai yi ba, kuma kan sukurun ya ɗago daga allon, sai a kama gefensa da ƙaramar filaya, ana lura kada bakinta ya kankare allon.

Akwai masu ɗiga gam mai kamawa nan take domin manne bakin sukudireba da kan sukurun, akwai kuma masu yanka sabuwar tsaga da injin yanka ƙarfe. Ban so ko ɗaya ga wanda bai ƙware ba, musamman dabara ta biyun, saboda garin ƙarfe idan ya watsu a tsakanin hanyoyin lantarki yana iya haɗa su ya ƙone allon, alhali kuwa allon ya fi ma'ajiyar tsada nesa ba kusa ba. Idan lamari ya kai nan, a kai wa ƙwararren mai gyara.

In Allah Ya sa sukurun ya fita, kada a mayar da shi. A nemi sabo mai girmansa, a soka sabuwar ma'ajiyar a karkace, a kwantar da ita, a ɗaure har ya tsaya, kada a ƙara ko kaɗan a kan haka.