Ingilishi Ukku a Aji Guda

Tun shekarar 1962 ne samari da ƴammatan Amurka na ƙungiyar Peace Corps suka fara shigowa Nijar, kuma aikin da aka fara danƙa musu shi ne koyar da Ingilishi a kwaleji. An daɗe ana turo su, har watan Janairu na 2011, lokacin da aka janye su saboda matsalar tsaro.

A ƙasar Arewa, wato Dogon Dutsi da Tibiri, aikin nan yana da ƙulli. Iyakar Nijeriya kusa take, shi ya sa yaro kan shiga ajin farko na kwaleji kunnensa ya riga ya sha Ingilishin fataken Kamba da Argungu. Rubutun da aka saba da shi a lakkwal na Ingila ne. Baƙon malami kuwa da bakin Amurka ya zo. Ingilishi ukku ke nan, ga Faransanci a kansu.

Ba'amurke yakan tausasa harafin t a tsakiyar kalma. In ya ce water, yaro ya ji kamar "wara". Writer da rider, wato marubuci da mahayi, sai su fito kusan da amo guda, har ɗalibi ya ɗora marubuci bisa doki cikin kayensa. Mafi muni shi ne can da can't: mutumin Ingila yana bambanta wasalinsu sarai, na Amurka kuwa ya haɗiye ƙarshen, a rasa izini aka bayar ko hani aka yi.

Wannan ba abin dariya kaɗai ba ne, domin akwai jarrabawar BEPC a gaba. Yaron da ya koyi color wajen malaminsa yana iya faɗawa hannun mai gyara wanda colour kawai ya sani, ya ja masa jan biro bisa laifin da ba nasa ba.

Shi ma malamin bai tsira ba. Ɗalibi ya miƙe ya ce I am coming, ya fice. Baƙo ya saki baki: ƙaƙa mai zuwa zai ba da baya? Alhali "ina zuwa" ce ta Hausa ta sa rigar Ingilishi, kamar yadda ake faɗi a Nijeriya.

A gaskiya Ba'are bai kamata ya yi mamaki ba. Baƙon da ya koyi Hausar Kano cikin littafi, ranar da ya shiga kasuwar Matankari zai tarar "fari" ya koma "hwari", "tafi" ya koma "tahi". Wannan bakin ne yaro ke shiga aji da shi, inda p da f suke jiransa: ya nufi pan, malami ya ji fan, ya ɗaga kai yana neman fanka a ɗakin da babu ko wutar lantarki.