Ayar tilastawa a Linjilar Luka: abin da ya tabbata da abin da aka ƙara wa gishiri

A muhawarar da ake yi kan addini da zubar da jini, akwai wata aya ta Sabon Alkawari da ba ta rasa mai jawo ta, wato Luka sura 14 aya 23. Masu suka suna cewa a nan ne Yesu Almasihu ya ba da izinin a cusa mutane cikin addini da ƙarfin tsiya. Masu kare ta suna rantsuwa cewa ƙage ne, babu malamin Kirista da ya taɓa fahimtar ta haka. Akwai kuma 'yan Furotesta da ke jibga wa Katolika laifin gaba ɗaya, da wasu marubuta da ke cewa waɗanda aka fara murƙushewa da ayar masu tauhidi ne da suka ƙi aƙidar Allah-uku-cikin-ɗaya. Kowace daga cikin maganganun nan ta tsinci wani ɓangare na tarihi ta zubar da saura.

Ayar tana cikin wani misali ne da Yesu ya bayar yana zaune wurin cin abinci a gidan wani babban Bafarisiye. Wani mutum ya shirya gagarumar walima ya gayyaci jama'a. Da lokaci ya yi, kowa ya kawo uzuri: wannan ya sayi gona, wancan ya sayi shanun huɗa, na uku ango ne. Maigida ya fusata, ya aiki bawansa ya kwaso matalauta da guragu da makafi daga lungunan gari. Duk da haka da sauran wuri, sai ya sake tura shi hanyoyin bayan gari ya matsa wa mutane su shigo don gida ya cika. Iyakar labarin ke nan. Babu takobi a ciki, babu soja, babu alƙali. Bawa ɗaya ne aka aika, kuma waɗanda suka ƙi gayyatar tun farko ba a kamo su ba, hukuncinsu shi ne ba za su ɗanɗana abincin ba. Saboda haka yawancin masu fassara a yau suna ganin irin nacin nan ne da mai gida kan yi wa baƙo mai kunya wanda bai yarda da shi ake ba. Zancen cewa ayar ta umarci a kashe ko a doki wani, ƙarya ne.

Amma wanda ya ce babu Kiristan da ya taɓa kafa hujjar tilastawa da ita, shi ma bai faɗi gaskiya ba. Wanda ya shahara da yin haka ba ƙaramin mutum ba ne: Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, wanda Katolika da Furotesta duka suke ɗaukar sa cikin manyan iyayen ikilisiya. Kuma ba a kan arna ko Yahudawa ya ɗora ta ba, a kan 'yan'uwansa Kiristoci ne.

Rigimar ta girmi Agustin. A shekarar 303 Sarkin Rum Diyokilishiyan ya ƙaddamar da tsananta wa Kiristoci, ya ce a miƙa littattafai masu tsarki a ƙone. A Arewacin Afirka wasu shugabannin coci sun miƙa, wasu sun ƙi sun sha ɗauri ko kisa. Da ƙura ta lafa, wajen 311, aka naɗa Sisiliyan bishop na Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu. Wani ɓangare ya ƙi amincewa, bisa zargin cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka naɗa shi yana cikin masu miƙa littattafan. Suka naɗa nasu, daga baya jagoranci ya koma hannun Donatus, wanda aka laƙaba wa ƙungiyar sunansa. Matsayinsu shi ne, malamin da ya ci amanar addini ya rasa ikon yin baftisma ko naɗi, don haka duk wanda ya dawo wajensu daga ɗaya ɓangaren sai an sake yi masa baftisma. Har zamanin Agustin, gari ɗaya bishop biyu, coci biyu, ba a ga-maciji.

A nan ne zancen tauhidi ya rushe. Donatawa ba su saɓa wa abokan hamayyarsu kan Allah-uku-cikin-ɗaya ko matsayin Yesu ba. Littafinsu ɗaya, tsarin ibadarsu kusan ɗaya, shi kansa Agustin ya yarda baftismarsu ta inganta, laifin da ya ɗora musu shi ne ɓallewa. Masu wannan magana sun cakuɗa su ne da mabiya Ariyus na Iskandariya, wanda rikicinsa daban ne, a kansa aka yi taron Nikiya a 325.

Abin da aka fi mantawa, wanda a ganina shi ne zuciyar batun, shi ne cewa ƙarfin hukuma ya riga fassarar zuwa. Donatawa da kansu suka fara kai ƙara gaban Sarki Kustantin a 313. Aka zauna a Rum a shekarar, aka sake zama a Arles ta Faransa a 314, duka biyun aka ba Sisiliyan gaskiya. Wajen 317 sarkin ya sa aka ƙwace coci-cocinsu aka kori shugabanninsu, da ya ga abin bai yi aiki ba ya janye a 321. A 347 aka sake afka musu, aka kashe wasu, aka kori Donatus daga ƙasar. Duk wannan ya faru kafin a haifi Agustin a 354. Ke nan ba ayar ce ta haifi gabar ba. Gabar ta daɗe tana ci, dokokin sarki suna aiki, sannan aka nemo musu aya.

Agustin bai ɓoye yadda ya iso ga wannan matsayi ba. A wasiƙar da ya rubuta wa wani bishop mai suna Binsentiyus wajen 408, ya amsa cewa da farko ra'ayinsa shi ne kada a tilasta wa kowa, a yi amfani da hujja kawai, don kada a tara munafukai a coci. Abin da ya juya shi, in ji shi, shi ne misalan da takwarorinsa suka nuna masa, musamman garinsu Tagaste, Souk Ahras ta yau, wanda dā na Donatawa ne amma tsoron dokar sarki ya maido shi. Daga nan ya gina fassararsa: kiran farko na lallashi zamanin manzanni ne, lokacin da ikilisiya ba ta da ƙarfi, tilastawar kuwa ta zamanin da sarakuna suka zama Kiristoci ce, hanyoyin bayan gari kuma su ne bidi'o'i da ɓaraka. Ya ƙara da labarin Bulus da aka fyaɗa da ƙasa ya makance a hanyar Dimashƙu kafin ya ba da gaskiya. Ya maimaita hujjojin a wata doguwar wasiƙa ga hafsan soja Bonifas wajen 417. Mai karatu ya lura da jerin: sakamako ya fara gani, sannan nassi ya biyo baya.

A 411 aka tara bishop sama da 550 na ɓangarorin biyu a Kartaj, ƙarƙashin wakilin sarki Marselinus, wanda shi kansa ɗan Katolika ne, wato ɓangaren Agustin, kuma amininsa. Hukuncin bai ba kowa mamaki ba. Dokar 412 ta ɗora tara gwargwadon muƙamin mutum, ta ba da umarnin korar malaman Donatawa da miƙa coci-cocinsu ga ɗaya ɓangaren, bayi da manoman gandu kuma a yi musu bulala har su dawo.

To, gaskiya ne Agustin ya ce a kashe su? A'a. Lokacin da wasu Donatawa suka kashe wani firist mai suna Restitutus, suka ƙwaƙule wa wani mai suna Inosentiyus ido suka yanke masa yatsa, Agustin ya rubuta wa Marselinus yana roƙon kada a kashe masu laifin, kada kuma a yanke musu gaɓa. Sai dai kada a yi saurin wanke shi, domin a wasiƙar ce ya yaba wa alƙalin da ya tsaya ga bulala wajen tatsar ikirari. Tara, ƙwace dukiya, kora daga gari da duka, duk ya amince da su, yana kiran su horon uba ga ɗa. Masu yi masa laƙabi da uban kotun binciken bidi'a sun wuce gona da iri, domin wannan kotu ta Fafaroma sai a shekarun 1230 aka kafa ta, shekara 800 bayan mutuwarsa a 430, azabtarwa kuma a 1252 aka halatta mata. Amma masu cewa ba ruwansa su ma sun yi son kai, don maganganunsa sun shiga kundin dokokin coci na Gratiyan wajen 1140, Toma Akwinas kuma ya jawo ayar yana cewa wanda bai taɓa karɓar addinin ba ba a tilasta masa, amma ɗan bidi'a da mai ridda ana tilasta musu ko da a jiki ne. Akwinas ya zarce inda Agustin ya tsaya, ya halatta kisa.

Su ma Donatawa ba tumaki ba ne. Suna da gungun magoya baya a karkara da ake kira Sirkumseliyan, masu yawo da kulake suna far wa malaman ɗaya ɓangaren da masu gonaki, an kuma ruwaito suna zuba wa mutane farar ƙasa da ruwan tsami a ido. Dole a tuna cewa yawancin labarinsu daga bakin abokan gabarsu ya iso mana. Abin da ba a musu shi ne, da ɓaraka ta taso a cikin gidansu a shekarun 390, shugabanninsu sun je kotun hukuma don ƙwace coci-coci daga hannun waɗanda suka ɓalle, Agustin kuma bai gaji da yi musu gori da wannan ba.

Zancen cewa abin na Katolika ne kaɗai ba ya buƙatar dogon bayani. A 1527 hukumar Zurich ta Furotesta ta nutsar da Feliks Manz a kogi saboda sake baftisma. A watan Oktoban 1553 Janiba ta Jon Kalbin ta ƙone Mikel Serbetus. Kalbin, a sharhinsa kan wannan aya ta Luka, ya ce bai ga aibu ba a yadda Agustin ya yi amfani da ita kan Donatawa. Da Sebastiyan Kasteliyo ya soki ƙona Serbetus, mutanen Kalbin ne suka yi masa ca. Laifi tudu ne.

Inda ayar ta fi yin ɓarna da sunanta shi ne Faransa. Dokar Nantes ta 1598 ta ba Furotesta, waɗanda ake kira Hugenot, 'yancin ibada. Daga 1681 gwamnatin Sarki Luwi na 14 ta fara sauke sojoji a gidajensu, su ci abincin gidan, su lalata kaya, su hana barci har sai maigida ya sa hannu ya koma Katolika. A Oktoban 1685 aka soke dokar baki ɗaya, aka rushe coci-cocinsu, aka ba fastoci kwana 15 su bar ƙasar, talakawa kuwa aka hana su fita. Duk da haka kimanin mutum 200,000 suka sulale zuwa Holan, Ingila, Jamus, Suwizalan, wasu har Afirka ta Kudu. A wannan shekarar aka sake buga wasiƙun Agustin biyun nan, ta Binsentiyus da ta Bonifas, a Paris cikin Faransanci, don a nuna cewa abin da ake yi wa Hugenot daidai yake da abin da aka yi wa Donatawa.

Martani mafi kaifi ya fito ne daga Piya Bel, ɗan Hugenot mai gudun hijira a Rotterdam, wanda yayansa, fasto, ya mutu a kurkuku a Bordeaux a 1685. A 1686 ya fara fitar da littafi sukutum a kan wannan aya ɗaya, ya fake da sunan wani ɗan Ingila na ƙirƙira. Hujjarsa ta farko ita ce, duk fassarar da za ta wajabta wa mutum aikata zalunci, ƙarya ce tun daga tushe. Ta biyu ta fi ciwo: kowace ɗariƙa ta yi imani ita ce ke kan gaskiya, don haka in an ce masu gaskiya suna da izinin tilastawa, an ba kowa lasisi ke nan, Katolika a Faransa, Furotesta a Ingila. Abin takaici, wanda ya fi tsananta masa daga baya ɗan'uwansa ne a hijira da aƙida, malami Piya Juriyo, har Bel ya rasa kujerarsa ta koyarwa a 1693.

Bel ba shi ya fara ba. Shekara kusan 200 kafin wasiƙun Agustin, Tartuliyan na Kartaj ya rubuta wa gwamnan Rumawa cewa ba aikin addini ba ne ya tilasta addini. Masu wannan ra'ayi sun daɗe suna kafa hujja da misalin alkama da ciyawa a Matiyu sura 13, inda aka ce a bar su su girma tare har girbi, da kuma Luka sura 9, inda Yesu ya tsawata wa almajirai biyu da suka so a saukar da wuta kan wani ƙauyen Samariyawa. Su ma dai, a yi adalci, galibi sun fi ɗaga murya ne a lokacin da su ake bugu.

Saura zancen cewa wannan fassara ita ce koyarwar coci har yau. Ba haka ba ne. A ranar 7 ga Disamba 1965 babban taron Batikan na biyu ya zartar da sanarwar da ta ce kowane mutum yana da 'yancin addini, kuma ba a tilasta wa kowa karɓar bangaskiya, ta kuma amsa cewa a tarihin ikilisiya an aikata abin da ya saɓa wa ruhun bishara. A watan Maris na 2000 Fafaroma Jon Pol na biyu ya nemi gafarar Allah a bainar jama'a kan laifuffukan da suka haɗa da amfani da ƙarfi da sunan kare gaskiya. A watan Yulin 2010, a birnin Stuttgart na Jamus, Tarayyar Lutaran ta Duniya ta roƙi gafarar Menonayit, magadan masu sake baftisma, kan tsanantawar da kakanninta suka yi musu a ƙarni na 16.