Tsakanin Littafi da Majigi: Misali Daga Labaran Ban Tsoro na Stephen King

Cikin marubutan ƙagaggun labarai na wannan zamani, da wuya a sami wanda aka mai da littattafansa majigi kamar Stephen King, mutumin jihar Maine ta ƙasar Amurka, wanda aka haifa a 1947. Littafinsa na fari da aka buga, watau Carrie, ya fito a 1974, kuma a 1976 Brian De Palma ya mai da shi majigi. Nufin wannan takarda shi ne a duba abin da kan sami labari sa'ad da ya bar takarda ya hau allo. Misalin da za mu ɗauka shi ne The Shining, wanda aka buga a 1977, Stanley Kubrick ya yi majiginsa a 1980.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. Wani malamin makaranta mai suna Jack Torrance, wanda giya ta ɓata wa rayuwa, ya karɓi aikin tsaron wani babban masauki a duwatsun Colorado lokacin hunturu, shi da matarsa da ɗansu. Ƙanƙara ta rufe hanya, masaukin kuwa fatalwa ne cike da shi.

A littafin, mai karatu yana cikin zuciyar Jack. Yana ganin mutum mai son iyalinsa, yana kokawa da shaye-shaye da fushi, har sannu a hankali mugun gidan ya rinjaye shi. Saboda haka tsoron a haɗe ya ke da tausayi. Majigi kuwa ba shi da ikon shiga zuciya sai ta fuska da murya. Kubrick ya sa Jack Nicholson ya fito da alamun taɓuwa tun da wuri, don haka mai kallo ya fi jin firgita bisa ga juyayi.

Ƙarshensu ma dabam ne. A littafin, tukunyar ɗumama masaukin ce ta fashe, gidan ya ƙone da Jack a ciki, bayan hankalinsa ya komo na ɗan lokaci har ya ce wa ɗansa ya gudu. A majigin, sanyi ne ya kashe shi cikin wani shinge mai hanyoyi masu ruɗarwa, gidan kuwa yana nan tsaye. Haka kuma Hallorann, mai dafa abincin da ya zo ceto, ya tsira a littafin, amma a majigin Jack ya sare shi da gatari. King bai ɓoye rashin jin daɗinsa ba, har ya rubuta nasa tsarin na talabijin, aka nuna a 1997. Duk da haka na Kubrick ne masana su ke ƙirgawa cikin manyan ayyukan majigi.

Wannan magana ta shafe mu, gama Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi irin hanyar nan, daga littafi zuwa wasan kwaikwayo, zuwa majigin Adamu Halilu a 1976. Ya kamata malami ya nuna wa ɗalibansa cewa wanda ya kalli majigi bai karanta littafi ba tukuna. Kowanne da mudunsa za a auna shi, sa'an nan a tambaya: me aka bari, me aka ƙara, kuma don me?