Famfon keke na ƙasa: Abubuwan dubawa kafin ka saya

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da dama a Najeriya suka karkaɗe kekunansu. Sai dai tayar da ba ta da isasshiyar iska tana gajiyar da mai tuƙi, kuma idan ta faɗa rami ƙarfen wili yakan matse tuf ya huda shi. Famfon ƙasa, wanda ake takewa da ƙafa a danna da hannu biyu, yana rage zirga-zirga wajen mai faci.

Abu na farko shi ne bawul. Iri uku ne: Schrader mai kauri irin na mota, Presta siriri na kekunan tsere, sai Dunlop da aka saba gani a tsofaffin kekuna. Idan bakin famfo bai dace da bawul ɗinka ba, ka yi asarar kuɗi. Gara ka je kasuwa da keken ka gwada.

Na biyu, ma'aunin iska. Kowace taya an rubuta adadin PSI da take ɗauka a gefenta. Siririyar tayar tsere takan buƙaci 80 zuwa 120, mai kauri kuwa ƙasa da 50 ta ishe ta. Famfo mai siririn jiki ya fi sauƙin kai wa matsi mai yawa, mai faɗi kuma ya fi saurin cika babbar taya.

Na uku, ƙwari. Nemi mai jikin ƙarfe da faffaɗan gindi, kuma ka tambaya ko ana samun robar bakinsa, domin ita ce ke saurin cinyewa.