Taba gari da kanwa: barin ta yana buƙatar ɗan'uwa a gefe

Wata rana bayan sallar isha'i, jama'a sun watse, sai na lura wani dattijo, direban babbar mota, bai tashi daga sahun farko ba. Da ya ga babu kowa sai ya matso, ya zaro 'yar batta daga aljihu ya ajiye a gabana. Ya ce: "Malam, shekara ashirin ke nan ina guntsar wannan abu. Sau uku ina rantsuwa na bari, sau uku ina yin kaffara. Imanina ne ya yi rauni?" Na ce masa: "Baba, wanda damuwa ta zaunar da shi bayan isha'i yana da sauran imani. Abokin tafiya ka rasa."

Idan ana wa'azi a kan taba, hankalin kowa kan sigari yake tafiya, domin hayaƙi ba ya ɓuya. Amma akwai tabar da ba a kunna mata wuta: wadda ake shaƙa ta hanci, da wadda ake taunawa ko a guntsa tsakanin leɓe da dasashi. Mai ita yana iya zama a majalisa ba wanda ya sani, sai matarsa da ke wanke masa riga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu amfani da irin wannan taba sun haura miliyan 300, mafi yawansu a Kudancin Asiya. A nan ƙasar Hausa, Nijeriya da Nijar, an san taba gari da ake haɗawa da kanwa, kamar yadda mutanen Sudan suka san tasu da suke kira tumbak.

Kanwar nan kuwa ba don ɗanɗano kawai ake sa ta ba. Tana rage tsamin baki, sai sinadarin nikotin ya fi sauƙin ratsa fatar dasashi ya shiga jini. Nikotin shi ne igiyar da ke ɗaure mutum, shi ya sa mai guntsa yakan kamu kamar mai zuƙar sigari. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya wannan taba a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, musamman ta baki da ta hanyar abinci. Ga kuma zaizayewar dasashi, da lalacewar haƙora, da wani farin tabo da kan fito daidai inda ake ajiye ta. Duk wanda ya ga irin wannan tabo, ko gyambon baki da ya yi mako biyu bai warke ba, to ya je asibiti, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe.

Malamanmu na Malikiyya sun yi saɓani a kan taba tun farkon shigowarta ƙasashen Musulmi. Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda ya rasu a 1627, ya ga halaccinta, haka ma Aliyul Ujhuri na Masar, alhali Ibrahimul Laƙƙani ya tafi a kan hana ta. Sun yi hukunci ne da ilimin zamaninsu, lokacin da ba a gano cutarwarta ba. Yau da likitoci suka tabbatar da ita, mafi yawan malamai sun karkata ga haramci, suna kafa hujja da aya ta 195 a Suratul Baƙara da ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. To amma direban nan ya riga ya san hukunci. Abin da yake nema shi ne yadda zai kai gobe bai buɗe batta ba.

Wanda ya bar taba yakan sha wuya a kwanakin farko: saurin fushi, ciwon kai, rashin barci, kasa tattara hankali, da yawan jin yunwa. Abin yakan fi tsanani a makon farko, sannan ya riƙa sauka cikin mako biyu zuwa huɗu. Ita kuwa sha'awar, takan taso ne ta yi 'yan mintoci ta kwanta. A cikin waɗannan mintoci ake yin nasara ko a faɗi, kuma mutum shi kaɗai ya fi kowa iya kawo wa kansa uzuri. Dubi watan Ramadan: mai taba yakan yi awa goma sha uku ko fiye bai taɓa ta ba, domin tana karya azumi, kuma domin gari gaba ɗaya yana haƙuri tare da shi. Da an sha ruwa kowa ya koma harkarsa, sai hannu ya koma aljihu. Haƙurin yana nan, jama'ar ce ta janye.

Shari'a ta riga ta shimfiɗa mana wannan tafarki. Suratul Asri ta haɗa tsira da yi wa juna wasiyya da gaskiya da haƙuri, aya ta 2 a Suratul Ma'ida kuma ta yi umarni da taimakekeniya a kan alheri. Masallacin unguwa yana tara mutane sau biyar a yini, babu wani asibiti da ke ganin majinyaci haka. Ga yadda za a iya cin moriyar wannan ni'ima.

Da farko mai niyya ya sanya rana, ya faɗa wa mutum ɗaya ko biyu da ya amince da su. Ya fi kyau a samu wanda shi ma ya taɓa shan wannan wuya ya fita, domin shi ba zai ce "ai daina wa kawai za ka yi" ba. Sai ya zubar da abin da ya rage, har wanda ke cikin mota da ƙarƙashin matashin kai. Kada ya yi rantsuwar har abada. Bayan sallar asuba ya riƙe hannun ɗan'uwansa ya yi alkawarin yau kaɗai, da isha'i kuma a tambaye shi yadda yinin ya kasance. Alkawarin yini ɗaya ana iya ɗaukarsa, kunyar idon wanda za a gani da dare kuma tana da nata ƙarfi.

Idan sha'awa ta taso, ya buga wa ɗan'uwan waya kafin ya nufi mai tebur, ko ya tashi ya yi alwala. Baki ya saba da motsi, sai a ba shi asuwaki, ko kanumfari, ko aya. Ya ƙaurace wa majalisar da ake miƙa batta na ɗan lokaci, ko da akwai aminai a cikinta. Wanda abin ya yi masa yawa ya nemi likita, akwai cingam na nikotin da wanda ake mannawa a fata, suna sauƙaƙa wahalar. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Idan ya zame fa? A nan ake gane ɗan'uwa na gaskiya. Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawo shi saboda shan giya, har wani ya la'ance shi. Manzon Allah (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. Idan haka aka yi da mai giya, ina ga mai taba gari? A tambaye shi abin da ya jawo zamewar, ɓacin rai ne ko doguwar tafiyar dare, a gyara wannan ɓaraka, gobe da asuba a sake alkawari. Wanda aka yi wa gori zai koma ɓoyewa, ɓoyewa kuwa ita ta ciyar da wannan ɗabi'a tun farko. Sirrinsa amana ne, ba labarin shayi ba.

Direban nan na haɗa shi da wani tela da ya bar taba shekarun baya. Ya zame sau ɗaya a hanyar Legas, ya kira telan da tsakar dare ya faɗa masa da bakinsa. Har yanzu suna gaisawa bayan asuba, gaisuwar da su biyu kaɗai suka san abin da ke cikinta.

Ya ɗan'uwa limami ko ladan, akwai irin wannan dattijo a sahunka. Allah Ya ba mu ikon riƙe hannunsa, Ya ba shi lafiya da dauriya, amin.