Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Lens Mai Faɗin Gani

Duk wanda ke riƙe kyamara a makarantar nan, ko don aikin kwas ko don neman na kashewa a wajen biki, akwai ranar da zai so ɗaukar hoton fili: dutse, kogi, gona bayan an ɗauke ruwa, ko gari daga kan tudu. Da ya yi tambaya sai a ce masa, "Ai sai ka sayi lens mai faɗi." Shawarar ba ƙarya ba ce, amma guntuwa ce. Lens kaya ne mai tsada, farashinsa yana bin dala, kuma in ka saya bai yi maka ba, sai ka yi asara kafin ka rabu da shi. Ni ɗalibin aikin jarida ne a ajin ƙarshe na difloma, kuma a shekara biyun nan na ga kuɗin adashi da na furojet sun tafi a lens ɗin da bai dace da kyamarar mai shi ba. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu yi lissafin tare.

Lambar da ke jikin lens

Kowane lens yana da lamba da "mm" a gabanta, wato milimita. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ƙaramar lamba tana kwaso fili mai faɗi, babbar lamba tana jawo abu na nesa. A kan kyamara mai babbar sensa, lens na 50mm yana ganin kimanin digiri 40 daga hagu zuwa dama. Na 35mm yana ganin 54, na 24mm yana ganin 74, na 16mm kuwa ya kai 97. Daga 35mm zuwa ƙasa ake cewa lens mai faɗi ne. In ya sauka ƙasa da 24mm, ya shiga sahun masu faɗi sosai.

To amma fa wannan lissafin na babbar sensa ne, kuma yawancinmu ba ita muke da ita ba.

Girman sensarka

Sensa ita ce farantin da ke cikin kyamara, wanda haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Babbar, wadda masu sana'a ke kira ful firem, tana da faɗin milimita 36 da tsayin 24. Ita ce a cikin irin su Canon 5D da 6D da Nikon D750. Kyamarorin da suka fi yawa a hannun ɗalibai, irin su Canon 600D, 1300D, 2000D, ko Nikon D3200, D3500, D5300, sensarsu ƙarama ce, ana kiranta APS-C. Tsakiyar hoton da lens ya kawo kawai take kamawa, gefen ya zube.

Saboda haka sai ka yi sau. In Canon ce, lambar lens sau 1.6. In Nikon ce, sau 1.5. Misali, ka ji ana yabon 24mm a matsayin lens na hoton fili, ka je ka saya ka ɗaura a Canon 2000D. Abin da za ka gani daidai yake da 38mm. Faɗin da ka biya wa kuɗi ya tafi. Ita kuwa 18-55mm ɗin nan da ke zuwa tare da kyamara, wadda muke rainawa, in ka mayar da ita 18 tana ba ka kwatankwacin 29mm a Canon, 27mm a Nikon. Wato ta fi wancan 24mm ɗin faɗi, kuma tana cikin jakarka tun tuni. Wanda ke da ƙaramar sensa kuma yake son faɗi na gaske, lens ɗin da ya fara daga 10mm ko 11mm zai nema.

Faɗi ba kyauta ba ne

Nan ne mutane da yawa ke mamaki. Lens mai faɗi yana shigo da abubuwa da yawa ne ta hanyar ƙanƙanta kowannensu. Dutsen da ya cika hoto a 50mm, in ka koma 10mm daga wuri ɗaya, tsayinsa a hoton zai ragu sau biyar.

Ɗauki Dutsen Zuma, wanda ke jikin takardar naira 100. In ka tsaya can nesa a gefen hanyar Abuja zuwa Kaduna ka ɗauka da 10mm, abin da za ka samu shi ne rabin hoto sama, rabi kwalta, sai wani ɗan tudu a tsakiya. Kwarjinin da ya sa ka tsayar da mota ba ya nan. Daga wannan wurin 35mm ko 50mm ne zai ba dutsen haƙƙinsa. Haka abin yake in ka hau Dala kana kallon Kano: faɗi zai kwaso maka gari duka, amma rufin gidaje zai zama kamar tsaba. Da hunturu abin ya fi muni, don hazo yana mayar da sama fara fat, kai kuma ka ba ta rabin hotonka.

Inda lens mai faɗi ke nuna kansa shi ne wurin da akwai abu kusa da kai. Yana girmama na kusa, yana tura na nesa, sai hoton ya yi zurfi kamar mutum zai taka ya shiga. A ƙarƙashin Kufena a Zariya, ka durƙusa gaban wani falalen dutse ko tsiron da ya fito daga tsaga, tazarar taku ɗaya, ka bar babban dutsen a baya. A Gurara ko Matsirga, inda ba ka da wurin ja da baya, ka sa duwatsun bakin ruwa a gaba, ruwan da ke zubowa a baya. In ba ka da niyyar durƙusawa ka ɓata gwiwar wando, gaskiya 10mm ba naka ba ne.

Akwai kuma halinsa na jan gefe. In ka ɗaga kan kyamara sama, bishiyoyi da hasumiya sai su karkata ciki kamar za su faɗi. Wanda ya tsaya a ƙarshen hoto kuwa, kansa zai miƙe ya yi faɗi. Ka tuna da wannan in kana tunanin lens ɗin da ka saya don fili zai yi maka hoton ƙawayen amarya.

Kada lambar f ta cinye maka kuɗi

Lamba ta biyu a jikin lens ita ce ta ƙofar haske, kamar f/2.8 ko f/5.6. Ƙaramar lamba na nufin ƙofa babba, haske mai yawa, da kuɗi mai yawa. Mai hoton biki yana buƙatarta, don yana aiki a ɗaki da dare kuma yana son baya ya dushe. Mai hoton fili akasin haka yake so: komai ya fito tar, daga ciyawar gabansa har tsaunin ƙarshe. Don haka yawanci a f/8 ko f/11 ake aiki. A nan lens mai araha da mai tsada sun kusa zama ɗaya. Kada kuma ka matse har f/22, don ƙofar in ta yi ƙanƙanta da yawa hoton laushi yake yi.

A 18mm da f/8, in ka saita fokos a kan abin da ke mita 2 da rabi, kusan komai daga mita 1 da 'yan kai har iya ganinka zai fito. A 10mm, saiti a mita 1 ya isa. Wanda zai biya kuɗin f/2.8 da hujja shi ne mai son hoton taurari, ko mai bidiyo a wuri mai duhu.

Waɗanda ɗalibi zai iya dubawa

Ga mai Canon ƙaramar sensa, akwai EF-S 10-18mm. Ba shi da nauyi, gram 240 ne, kuma yana da na'urar rage rawar hannu. Sai dai duk lens mai EF-S ba ya hawa 5D ko 6D, in kana da burin canza kyamara nan gaba. Ga mai Nikon akwai AF-P DX 10-20mm, amma a kula: lens mai AF-P ba ya aiki da tsofaffi irin D3100, D3200 da D5100. Akwai Tokina 11-16mm f/2.8 ga mai son taurari. Shi ma na farkon fitowarsa na Nikon ba shi da injin fokos a ciki, don haka a jerin D3000 da D5000 da hannu za ka riƙa saitawa. Na biyun, mai alamar II, shi aka sa wa injin. Sigma ma tana da 10-20mm. Duk wanda za ka saya, ka je da kyamararka a ɗaura a gabanka. Gani ya kori ji.

Ka duba bakinsa kuma. Wasu masu faɗi sosai, kamar Samyang 14mm, gilashin gabansu ya kumburo waje, ba a iya murɗa musu filta ta yau da kullum. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar ƙura, inda filta ke tare yashi kafin ya kai ga gilashi. Kuma hoton ruwan nan mai santsi kamar auduga, da rana tsaka sai da baƙar filta mai rage haske ake samunsa. Ita kuwa filtar da ke ƙara wa sama shuɗi, a 10mm takan bar wani ɓangare duhu wani fari, don haka a yi hattara da ita.

In na hannu za ka saya

Yawancinmu na hannu muke iya saya, kuma ba laifi. Amma araha ba ta ado. Cire murfin gaba da na baya, ka haska fitilar waya ta ciki. 'Yar ƙura ba komai. In ka ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce da damshi ke kawowa, tana yaɗuwa, ka ajiye shi. Juya zoben zum da na fokos ka ji ko suna cijewa. Sannan ka fuskanci bangon bulo kai tsaye ka ɗauka a f/8, ka faɗaɗa kusurwoyi huɗun hoton. In uku sun fito ɗaya ta dushe, alama ce lens ɗin ya taɓa faɗuwa. Bayan ka saya, da damina ka ajiye shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shanye damshi da ake samu a kwalin takalmi. Da hunturu kuma kada ka canza lens a fili iska na kaɗawa.

Gwaji kafin saye

Ga abin da nake ba kowa shawara. Wayarka, in tana da alamar 0.5 ko 0.6 a kyamara, wannan kwatankwacin 13mm zuwa 16mm ne. Yi sati biyu kana ɗaukar fili da ita kawai. In hotunan sun yi ta fitowa fanko, ka gane ba faɗi ne ya rage maka ba. Sannan ka buɗe bayanan hotunan da ka ɗauka da 18-55mm. In yawancin waɗanda kake so a 35 ko 55 suke, lens mai jawowa ne gabanka. In kuwa kullum kana maƙale a 18 kana ja da baya har ka jingina da bango, to ka cancanci 10mm.

Ko a hakan akwai dabara ta kyauta. Juya kyamara a tsaye, ka ɗauki hoto huɗu ko biyar daga hagu zuwa dama, kowanne ya hau kashi ɗaya cikin uku na wanda ya gabace shi, ka haɗa su a kwamfuta. Ga fili da ba ya motsi, wannan ya wadatar.

In kuɗin abu ɗaya gare ka, ni dai sitan mai ƙafa uku zan ce ka fara saya. Hasken da ke ƙawata fili na bayan asuba ne da na gab da magariba, lokacin da hannu ba ya iya riƙe kyamara ba rawa. Lens ɗin zai jira ka har bayan jarabawa. Allah Ya ba mu sa'a baki ɗaya.