Waken Suya Da Farfaɗo Da Ƙasar Noma A Yankin Bakolori

Tun daga shekarar 1978, lokacin da aka kammala ginin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun suka sami damar noma rani da damina. Amma ƙasar da ake nomawa sau biyu a shekara ba ta samun hutu. Ga kuma rashin tsaro da ya raba mutane da yawa da gonakinsu na daji, ya sa sun dogara ga na bakin gari, babu halin barin saura.

Alamun gajiyar ƙasa ba ɓoyayyu ba ne. Masara takan yi ganye rawaya, dawa ta tsumbure, ƙuduji ya mamaye gona, takin zamani kuwa ya yi tsada.

A nan ne waken suya yake da amfani. A jikin saiwarsa akwai waɗansu ƙananan ƙulli inda ƙwayoyin halitta suke zama, suna kamo sinadarin naitirojin daga iska, wato abin da manomi yake saye cikin buhun yuriya. Haka kuma waɗansu irinsa, kamar TGx 1448-2E na Cibiyar IITA ta Ibadan, sukan sa ƙwayar ƙuduji ta tsiro, ta rasa abin kamawa, ta mutu. Saboda haka wanda ya shuka waken suya bana, ya bi shi da masara ko dawa baɗi, yakan ga bambanci.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Waken suya yana bukatar takin sufa domin ƙullin saiwarsa su yi aiki, kuma ba ya jure kwanciyar ruwa, don haka a zaɓa masa wuri mai tsanewa. Idan girbi ya zo, a yanke shi da lauje maimakon tumɓukewa, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa. Kada a ƙona karmami. Idan an ba dabbobi, a mayar da takinsu gona. A gonar gangare kuma a ja kunya a gicciye, domin tare zaizayar ƙasa.

Wanda ya kiyaye waɗannan zai sami waken awara da daddawa da na kasuwa, ya kuma bar wa 'ya'yansa gona mai rai. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.